Hannun Jarin Da Ba A Zo Karɓa Ba: Wa Ya Cancance Shi A Shari'a?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya sanya wa kowane haƙƙi mai shi, ya kuma haramta cin dukiyar mutane da ƙarya. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, amintaccen da ya bar Sayyadina Aliyu a Makka lokacin Hijira domin ya mayar wa mutane ajiyarsu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, mas'alar wannan mako ta shafi wata irin dukiya ce wadda ba a ɗaure ta a turke, ba a kuma zuba ta a rumbu, watau hannun jari. A gidaje da dama na Birnin Kebbi da Argungu da Zauro akwai akwatunan mamata waɗanda ke ɗauke da takardun hannun jari ko na inshora, magada ba su san amfaninsu ba. Waɗansu iyayen sun sayi nasu ne lokacin dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977, waɗansu lokacin da aka fara sayar da kamfanonin gwamnati daga 1988, waɗansu kuwa lokacin da bankuna suka yi ta neman jari a 2004 da 2005. A cikin watan Agusta na 2023 Hukumar Kula da Kasuwar Hannun Jari ta Nijeriya ta bayyana cewa rabon ribar da ba a zo karɓa ba ya kai wajen Naira miliyan dubu 190. To, a cikin wannan babi akwai wani reshe mai rikitarwa, shi ne hannun jarin da akan raba wa mambobin kamfanin inshora na tarayya idan aka juya shi ya koma kamfanin masu jari. Wanda ya fahimci hukuncin wannan reshe, sauran ba za su yi masa wuya ba.

Asalin Al'amarin

Kamfanin inshora iri biyu ne. Akwai na masu jari, waɗanda suka zuba kuɗinsu domin neman riba, mai sayen inshora kuwa abokin ciniki ne kurum. Akwai kuma na tarayya, wanda ba shi da waɗansu masu jari a waje. Waɗanda suke biyan kuɗin inshorar su ne masu kamfanin, su ke zaɓen shugabanni, rarar da ta samu kuma tasu ce. Manomin fadamar Zauro ba zai rasa gane wannan ba, domin ya san gayya, matan gidansa kuma sun san adashe. Tukunya ɗaya ce, masu zubawa su ne masu ɗiba.

Idan irin wannan kamfani ya ƙasaita, ya bukaci ƙarin jari, sai mambobi su jefa ƙuri'a, kotu ta amince, a juya shi ya koma na masu jari. Tun da yake mamba zai rasa matsayinsa na mai kamfani, sai a musanya masa da hannun jari, ba tare da ya biya ko kwabo ba. Haka kamfanin Old Mutual na Afirka ta Kudu, wanda aka kafa a 1845, ya yi a 1999. Haka kuma Standard Life na ƙasar Birtaniya, wanda aka kafa a 1825, ya yi a 2006. A nan gida ma an ga makamancin haka, ko da yake ba a fagen inshora ba, sa'ad da Kasuwar Hannun Jari ta Nijeriya da ke Ikko ta tashi daga mallakar mambobinta ta koma kamfani a 2021. Har ma an keɓe kashi 2 cikin 100 na hannun jarin domin waɗanda za su zo daga baya da hujjar cewa su ma suna da rabo.

A irin wannan rabo na kamfanonin inshora akan sami dubban mutane da ba su zo karɓa ba. Wani ya sake mazauni, wani ya rasu, wani takarda ta iske shi amma bai fahimci abin da ta ƙunsa ba. Sai a zuba nasu cikin wani asusun amana, a yanka wa'adi. Daga nan ne tambayoyi suke tasowa.

Wa Ya Cancanta?

Abu na farko da ya wajaba mai karatu ya riƙe shi ne, wannan hannun jari ba kyauta ba ce da ake watsa wa jama'a, ba kuma sadaka ba ce. Musanya ce ta wani haƙƙi da mutum ya riga ya mallaka. Saboda haka cancanta tana rataye ne da sharaɗi guda: shin mutumin mamba ne a ranar da aka ƙayyade, takardarsa kuma tana cikin irin waɗanda suke ba da matsayin mamba? In haka ne, rabonsa ya tabbata tun daga wannan rana, ya sani ko bai sani ba, ya nema ko bai nema ba. Shari'a ba ta sanya sanin mai dukiya ya zama sharaɗin mallakarsa ba. Jaririn da aka haifa bayan rasuwar ubansa yana cin gado alhali bai san kome ba.

Wanda kuwa ya fita kafin ranar, ko ya shiga bayanta, ba shi da kome, kamar yadda wanda bai zuba adashe ba ba ya jiran kwasa. Ga misali a fili. Old Mutual ya shigo Nijeriya ne a 2013, sa'ad da ya sayi kamfanin inshorar rai na Oceanic. Duk wanda ya yanki takarda a wurinsa daga wannan lokaci abokin ciniki ne, ba shi da rabo cikin abin da aka raba a 1999. Sunan kamfanin ɗaya ne, amma ƙa'idar shigar ta bambanta. Masu rabon su ne waɗanda suka riƙe takardun asali kafin juyin, da magadansu. A cikin 'yan Nijeriya, wanda abin zai fi shafa shi ne wanda ya yi karatu ko aiki a waɗancan ƙasashe ya yanki takarda a can.

Sa'an nan ba halal ba ne mutum ya ƙago hujja domin ya ga kuɗi zaune ba mai nema. Aya ta 188 cikin Suratul Baƙara ta hana cin dukiyar juna da ƙarya, ta kuma ambaci kai maganar gaban mahukunta domin a ci wani yanki na dukiyar mutane da zunubi. A cikin hadisin Ummu Salama, wanda Malik da Buhari da Muslim suka ruwaito, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi gargaɗi cewa wani yakan fi abokin shari'arsa iya baki, a yanke masa hukunci bisa abin da aka ji, amma abin da ya karɓa na ɗan'uwansa yanki ne na wuta. Watau sa hannun ma'aikacin rajista, ko hatimin kotu, ba ya halatta abin da mutum ya san ba nasa ba ne. Wannan ya haɗa da wanda zai ari sunan mamaci saboda sunansu ya zo ɗaya, da ɗan da zai karɓa a ɓoye ya hana 'yan'uwansa, da dillalin da zai saye haƙƙin gwauruwa da arha domin ba ta san darajarsa ba.

Tsintuwa Ce Ko Ajiya?

Waɗansu sukan ɗauka wannan dukiya tsintuwa ce. Hukuncin tsintuwa sananne ne a littattafan mazhabar Malikiyya, irin su Risala da Muhtasar, bisa hadisin Zaidu ɗan Halid Aljuhani. Mai tsintuwa zai kiyaye alamomin abin, jakarsa da maɗaurinsa, ya yi cigiya shekara guda. In mai shi bai zo ba, yana da zaɓi: ya ci gaba da ajiyewa, ko ya yi sadaka da shi, ko ya yi amfani da shi. Amma fa in ya bayar ko ya ci, sa'an nan mai shi ya bayyana, biya yana kansa. Ko a tsintuwa ke nan, haƙƙin mai abu bai mutu ba.

To, bilhasali ma hannun jarin nan ba tsintuwa ba ne, domin tsintuwa ita ce abin da ba a san mai shi ba. Nan kuwa sunan mai shi yana rubuce cikin rajista, da adadin rabonsa. Abin da ya ɓace shi ne hanyar isa gare shi. Saboda haka hukuncinsa ya fi kusa da na ajiya, kamfanin kuwa, ko asusun da aka kafa, amintacce ne. Aya ta 58 cikin Suratun Nisa'i ta yi umurni da a mayar da amana ga masu ita. Mayarwa kuwa aiki ne, ba zaman jira ba ne. Wajibi ne ga mai riƙon amanar ya yi cigiya ta hanyar da za ta isa ga mutane. Sanarwar da aka buga da Turanci a ƙasan shafin jaridar da ba ta zuwa Zauro ba ta sauke nauyi ba, alhali ga rediyo, ga harshen Hausa, ga hakimai da limamai waɗanda suka san gidan kowa.

Akwai kuma abin koyi cikin aikin Halifa Usmanu ɗan Affan, Allah ya yarda da shi. Imam Malik ya kawo cikin Muwaɗɗa cewa a zamanin Umaru akan ƙyale ɓatattun raƙuma suna kiwo suna haihuwa ba mai taɓa su. Da zamanin Usmanu ya zo, sai ya yi umurni a yi cigiyarsu, sa'an nan a sayar, in mai su ya zo a ba shi kuɗin. Daga wannan ana fahimtar cewa hukuma tana iya sayar da abin da tsaronsa ya yi wuya, amma kuɗin yana nan a matsayin abin, yana jiran mai shi.

Shin Daɗewa Tana Kashe Haƙƙi?

Kamfanin Standard Life ya ba da wa'adin shekara 10, wanda ya cika a watan Yuli na 2016, bayan haka aka ba wata gidauniyarsa ta taimakon jama'a kaso mai yawa daga abin da ya rage. Old Mutual shi ma, bayan rufe asusun hannun jarin da ba a karɓa ba, ya kafa asusun Masisizane a 2007 domin tallafa wa ƙananan masu sana'a. Babu shakka juya ragowar zuwa ga amfanin jama'a ya fi a bar manyan masu jari su haɗiye ta, ya kuma yi kama da sadakar da ake yi da tsintuwa. Inda suka rabu da fiƙihu shi ne wurin rufe ƙofa. A fiƙihu, sadakar ba ta ɗauke lamuni idan mai abu ya bayyana.

Mai yiwuwa wani ya ce, ai a mazhabar Malikiyya ma akwai hauzi, wanda alƙalan ƙasar nan suke aiki da shi: wanda ya riƙe gida ko gona shekara 10 yana sarrafawa kamar nasa, ba a sauraron ƙarar wanda ya zo daga baya. Gaskiya ne, amma hauzi yana da sharuɗɗa. Sai mai ƙarar ya kasance yana nan, yana gani, ya yi shiru, ba kuwa abin da ya hana shi magana. Wanda ba ya nan, ko bai san abin nasa ne ba, ko ƙaramin yaro, ba a yi masa hauzi. Haka kuma wanda aka san asalin shigar abu hannunsa aro ne, ko haya, ko ajiya, daɗewa ba ta amfane shi. Malamai sun bayyana cewa hauzi alama ce ta cewa mallaka ta riga ta tashi daga wani zuwa wani, ba shi ne yake tashe ta ba.

Wani kuma zai ce, ai wa'adin yana cikin yarjejeniyar da mambobi suka jefa wa ƙuri'a, farkon Suratul Ma'ida kuwa ya yi umurni da cika alkawari. Wannan magana tana da ƙarfi a kan wanda takarda ta iske, ya fahimta, ya yi sakaci har lokaci ya wuce. Wannan kada ya zargi kowa sai kansa. Amma marayan da ubansa ya rasu kafin a sanar da shi, ba a ce ya yarda da sharaɗin da bai taɓa ji ba. Ta wannan fuska, Dokar Kuɗi ta Nijeriya ta 2020 ta fi kusa da fiƙihu, domin ta tanadi cewa rabon ribar da ya shekara 6 ba a karɓa ba za a mayar da shi wani asusun amana na gwamnati, ya zama bashi a kanta, mai shi kuma yana iya nema ko yaushe. Duk da haka, mai hankali ba ya jinkiri. Kotun wata ƙasa ba za ta buɗe abin da dokarta ta rufe ba domin hujjar Muhtasar.

Rabon Magada

Idan mamba ya rasu, hannun jarinsa ya shiga cikin abin da ya bari. Za a fara da kuɗin jana'iza, sa'an nan bashi, sa'an nan wasiyya matuƙar ba ta wuce sulusi ba, sa'an nan a raba saura bisa ayoyi na 11 da 12 da 176 na Suratun Nisa'i. Ko da an raba gona da gida shekara 20 da suka wuce, in wannan ya ɓullo yau, rabo ne sabo bisa magadan da suke raye ranar rasuwar, ba waɗanda suke raye yau ba. Wanda ya rasu a tsakani, rabonsa ya gangara ga nasa magadan. Wannan shi ne abin da masana gado suke kira munasaha.

A ƙaddara mutum ya bar hannun jari 800, ya bar mata ɗaya, da 'ya'ya maza 2 da mata 3, ba uwa ba uba. Matar tana da sumuni, watau 100. Saura 700 za a kasa shi 7: kowane namiji 200, kowace mace 100. Babban ɗa, ko wanda kotu ta ba takardar kula da gado, wakili ne kurum. Wahalar da ya sha ta zuwa Ikko ko Abuja, da abin da ya kashe, ana fitar masa da su bisa adalci da sanin sauran, amma ba ta mayar da dukiyar tasa. Aya ta 7 cikin surar ta tabbatar wa mata rabonsu, dukiyar ta yi kaɗan ko ta yi yawa, ayar da ke ta 10 kuwa ta yi narko mai tsanani ga masu cin dukiyar marayu.

In mamban ya ɓace ne, ba a san yana raye ko ya mutu ba, ba a raba dukiyarsa sai alƙali ya yi hukunci da mutuwarsa bayan ya kai shekarun da sa'o'insa ba su cika wucewa ba, abin da ya shahara a mazhaba kuwa shekara 70 ne daga haihuwarsa. In kuwa ba shi da magaji ko ɗaya, asalin mazhaba shi ne dukiyar ta tafi baitulmali domin amfanin Musulmi.

Halaccin Dukiyar Kanta

Saura tambaya mai nauyi: shin kuɗin inshora ma halal ne, balle a yi maganar rabonsa? Majalisar Manyan Malamai ta Sa'udiyya a 1977, da Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka a 1978, da Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi a Jidda a 1985, duk sun tafi a kan haramcin inshorar kasuwanci saboda garari, watau sayen abin da ba a san ƙarshensa ba, suka kuma halatta ta taimakon juna. Shaihu Mustafa Zarƙa, malamin Sham, ya saɓa musu, yana ganin halaccin inshorar kasuwanci. Daga cikin hujjojin taimakon juna akwai hadisin Abu Musa game da Ash'ariyawa, waɗanda in abinci ya yi musu ƙaranci sukan tara abin da ke hannunsu wuri ɗaya su raba daidai, Annabi kuwa ya yabe su.

Kamfanin tarayya na Turawa ya yi kama da wannan ta fuskar mallaka, amma yana juya kuɗinsa cikin lamuni mai kuɗin ruwa. Bayan juyin kuwa ya zama na kasuwanci sosai, majalisar Jidda kuma ta bayyana a 1992 cewa ba a sa jari cikin kamfanin da asalin aikinsa haramun ne. Saboda haka hanyar da ta fi kuɓutar da Musulmi ita ce ya karɓi rabonsa, kada ya bar shi. Ya sayar, kada ya ci gaba da riƙewa. Ya ɗauki gwargwadon abin da aka zuba, domin aya ta 279 cikin Baƙara ta bar wa mai tuba uwar kuɗinsa. Abin da kuwa ya tabbata daga kuɗin ruwa ya fito, a ba matalauta ko a sa cikin aikin amfanin jama'a, da niyyar tsarkake dukiya. Ƙididdige wannan yana bukatar malami masani da kuma mai ilmin lissafin kuɗi. In akwai marayu cikin magada, kada waliyyi ya yi gaban kansa, sai ya kai wa alƙali.

Game da zakka kuwa, a mazhabar Malik, kuɗin da ya ɓace wa mai shi shekaru sa'an nan ya dawo, zakkar shekara ɗaya ce a kansa, in ya kai nisabi. Kuɗin gado kuwa sai ya shekara a hannun magaji bayan ya karɓa.

Gargaɗi Ga Ƙungiyoyin Gida

Kada manoman kwarin Rima su ɗauka wannan labarin Turai ne kawai. Tun daga lokacin da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi cikin watan Nuwamba na 2015, ƙungiyoyin manoma sun yawaita daga Zauro har Argungu. Ƙungiyar da ta mallaki injin ban ruwa, ko na casa, ko ɗakin ajiya, ranar da za ta watse ko ta koma kamfani, wannan mas'ala za ta taso mata daidai wa daida: ina rabon wanda ya rasu, da wanda ya tafi ci-rani bai dawo ba? Ba halal ba ne waɗanda suka halarci taro su raba na waɗanda ba su halarta ba. Haka kuma kamfanonin takaful, irin su Noor da Jaiz waɗanda suka sami lasisi a 2016, rarar asusun masu shiga amana ce a wuyansu.

Maganin duk wannan yana cikin aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Baƙara, wadda ta yi umurni da rubuta bashi da kafa shaidu. Kowace ƙungiya ta rubuta sunayen mambobinta, da ranar shigar kowa, da abin da ya zuba, da wanda za a nema in ya rasu. Kowane magidanci ya sanar da iyalinsa takardun da ya mallaka tun yana da rai. Magada kuma su buɗe akwatunan iyayensu, su kai takardun ga masu rajistar kamfanonin ko ofishin hukumar, su guji 'yan damfara masu neman a biya su tukuna.

Allah ya tsare jama'ar Musulmi daga cin haƙƙin wani, ya jiƙan magabata, ya sanya albarka cikin abin da suka bari, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.